Faifan ya yi kyau, amma ina hoton tauraron?

Mai karatu, idan ka taɓa saita madubin hangen nesa a kan tauraro, ka san ba ya tsayawa. Duniya na kammala juyi ɗaya a awa 23 da minti 56 da daƙiƙa 4, don haka dole madubin ya riƙa juyawa a hankali yana bin sa. Abin da aka fi amfani da shi shi ne sanda mai zare irin na bolti, tana tura faifai mai haƙora, kamar wanda ke cikin injin waifar mota. Idan haƙoran 360 ne, sandar za ta zagaya sau ɗaya a kusan minti 4.

Masu ƙera madubi a gida, musamman a Amurka da Turai, suna da dabarar yanka faifan da kansu. Sai su ɗaura ƙarfen yanka zaren noti a injin sassaƙa ƙarfe, su matso da faifan alminiyam, ƙarfen na yanka haƙora yana kuma juya faifan. Gaskiya dabarar ta burge ni, ga ta da araha. Matsalarta sananniya ce: idan ba a fara tsaga gurbin kowane haƙori ba, kana neman 360 sai ka tashi da 358. Wannan da sauƙi, sai a gyara gudun mota mai juya sandar.

Inda nake da ja shi ne yadda ake nuna aikin. Za ka ga bidiyo na rabin awa a kan faifai yana ƙyalli, sandar kuwa sai a ce an sayo ta a shago, shi ke nan. Alhali a nan gizo ke saƙa. Duk ɗan karkacewar zarenta, ko lakwa-lakwar boris ɗin da ke riƙe da ita, zai dawo a kowane zagaye, tauraro ya riƙa gaba yana baya duk minti 4.

Mu yi lissafi. Faifai mai faɗin milimita 200, daga tsakiyarsa zuwa baki milimita 100 ke nan. Kuskuren milimita 0.01 a bakinsa, wanda bai kai kaurin gashi ba, yana karkatar da madubin da kusan daƙiƙar kusurwa 20, wato wajen rabin faɗin Mushtari yadda muke ganin ta daga nan. Ga mai kallo da ido, ba komai. Ga mai ɗaukar hoto na minti 5, tauraro ya zama ɗan layi.

Goga haƙora da garin wasa ƙarfe yana sa su zauna lumui, amma ba lallai ya cire wannan kuskuren ba. Gwajin kuma ba tsada: a ɗan kautar da saitin madubin daga kan iyakar arewa da gangan, a buɗe kyamara na zagaye biyu ko uku. Layin tauraron zai fito yana lanƙwasa, girman lanƙwasar shi ne girman kuskuren. Kafin ka kwaikwayi aikin wani, wannan hoton za ka fara nema.