Makullin Sinima Da Ɗan Kallo Na Bukkuyum

A can baya, fim ya na zuwa sinima ne a gwangwanaye, zaren 35mm a nannaɗe, mai majigi na zufa ya na sauya faifai. Yau an wuce wurin. Tun 2005, da manyan kamfanonin Amurka su ka fitar da ƙa'idar DCI, fim ya koma wani ƙunshi da ake kira DCP, wanda ake kaiwa a ma'ajiyar kwamfuta ko a tura ta intanet. Hoto 24 ne a daƙiƙa, faɗin 2K ko 4K, sauti kuma ta lasifika shida. Nauyin sa kan haura gigabait 100.

Abin da ya fi burge ni shi ne makullin. Ana rufe fim ɗin ruf, sai a aiko da mabuɗi mai suna KDM, wanda ba ya buɗewa sai a na'ura guda, a kwanakin da aka yi ciniki kurum. Ko an sace ƙunshin, ɓarawo ya ɗauki dutse. Furodusan da satar fasaha ta karya wa jari ya san daɗin wannan.

To amma fa, jama'a, wa aka yi wa wannan gatan? Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara a 1999 aka rufe gidajen sinima a Gusau. Ɗan kallo na Bukkuyum, Anka ko Gummi, fim ɗin sa na wajen mai turawa a bakin kasuwa, an matse shi cikin memori har fuskar jaruma ta dusashe. Naira ko ɗaya ba ta komawa aljihun furodusa.

Laifin mu 'yan fim ma ya na nan. Mun saba shirya fim don waya, shi ya sa in aka ɗora shi a babban allo, asiri ke tonuwa: murya na amo kamar a rijiya, hasken dare ya koma duhu.

Turawan mulkin mallaka sun kai "Baban Larai" ƙauyuka da motar majigi, su na tallar noman auduga. Yau majigin dijital ƙarami ne, hasken rana na iya riƙe shi. Me zai hana ƙungiyoyin 'yan fim su tanadi nasu, mai makulli, a nuna a zauren makaranta da rana, maza daban mata daban, da tikiti mai sauƙi? Mutanen nan su na son fim. A kai masu mai kyau, a ga ko ba za su biya ba.