Malamin Da Ya San Na Zaure Da Na Asibiti

A ƙauyukan Rano da Kibiya, idan mutum ya fara sumbatu ko ya ce yana jin muryoyi, sau da yawa zauren malam ake fara kai shi kafin a yi zancen asibiti. Shi ya sa nake jinjina wa malamin da ya iya rarrabe lamarin ruhi da taɓin hankali, domin hukuncinsa na farko kan ceci rai.

Gwanin malami ba ya gaggawar cewa shafar aljanu ce. Sai ya zaunar da dangi ya yi ta tambaya: Yaushe abin ya fara? Yana barci? Yana cin abinci? Ya yi zazzaɓi mai zafi? In mace ce, ta haihu kwanan nan? In saurayi ne, yana shan tiramol ko kodin? Yana faɗuwa ya yi kumfar baki, irin ta farfaɗiya?

Ma'auninsa babba shi ne ko abin yana da mashiga da mafita. Muridin da shauƙi ya ɗauke a da'irar zikiri, da an shafa fatiha zai dawo hayyacinsa, gobe ka gan shi a gona. Ko a wajen 'yan bori, hawan iska yana da kiɗan garayarsa, kuma yana da sauka. Amma wanda ya yi makonni ba barci, ya bar wanka da salla, yana zargin mahaifiyarsa da sa masa guba a tuwo, wannan ciwo ne. Nan malam zai ce: "Za mu ci gaba da addu'a, amma ku kai shi Babban Asibitin Rano, in ta kama a wuce asibitin masu taɓin hankali na Dawanau."

Wannan fahimta ba baƙuwa ba ce. Tun 1954 Dakta Thomas Lambo ya fara aikin kula da masu taɓin hankali a ƙauyen Aro na Abeokuta, inda ya jawo masu maganin gargajiya kusa da likitoci. Rashinta kuwa mun ga illarsa a 2019, lokacin da aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu ɗaure da mari, daga wani gida a Rigasa ta Kaduna.

Malamin da ya tura mara lafiya asibiti bai rage komai daga imaninsa ba. Ya cika amanar da iyaye suka damƙa masa, kuma irinsa ya kamata likitoci su nema su yi aiki tare.