Zayyanar Sauka: Aikin Wani Alaramma na Gwandu da Littafin da Ya Dace da Ita

Cikin duk abin da ake tanada domin walimar saukar Alƙur'ani, daga sabuwar tufa har abincin baƙi, babu wanda nake ɗokin gani kamar takardar zayyana. Falle ne da ake yankawa daidai fuskar allo, a zana shi da hannu, a manna. Fatiha da ayoyin farko na Baƙara ake rubutawa, su ne mai sauka zai karanta gaban malaminsa da iyayensa, sannan a zaga da allon gidajen dangi ana sa albarka ana ba da tukwici. A da kan icen allon ake zanawa kai tsaye. Yanzu masu zayyana da yawa sun koma takarda, don ta fi karɓar launi.

Wadda ta fi zauna mini a rai aikin wani dattijon alaramma ce a Gwandu, aka yi wa wata yarinya da ta sauke a Kalgo. Rubutun irin namu ne na Warshu, mai kauri, fa da ɗigonta a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Baƙaƙen da baƙar tawada, wasula da ja, hamza kuwa ɗigon ruwan ɗorawa. Da alƙalamin kara ya yi shi, shi ya sa kowane harafi yake da inda ya yi ƙiba da inda ya sirance, har mutum na iya gane wurin da tawada ta fara ƙarewa ya sake tsomawa. Ina son wannan ƙwarai. Injin ɗab'i ba ya barin irin wannan sawu.

Amma gwanintar tasa a gefe take. Ya kewaye rubutun da igiya biyu masu sarƙe juna, ja da ɗorawa, wannan ta bi ta kan waccan, waccan ta bi ta kan wannan, kamar saƙar faifai. Duk mai zayyana a kusurwa ake gane shi, domin nan ne saƙa take karyewa idan ba a auna ba tun farko. Na bi kusurwoyin nan huɗu da yatsa, ban sami inda igiya ta ɓace ba. Ya kuma bar fili tsakanin ado da aya, bai cunkushe ba, sai ido ya fara sauka kan karatu kafin ya tafi yawon kallo. Da na yaba, na ce, "Allah gafarta Malam, wannan awon da me ake yinsa?" Sai ya nuna mini zare da tsinke.

Akwai abin da ya ɗan rage mini daɗi. Koren da ya cike murabba'an ƙasa da shi na maka ne, irin wadda 'yan makaranta ke saye a shago, kuma irin wannan launin ba ya jure rana, yana kodewa tun baƙar tawadar da aka dama da ƙaro tana nan daram. Takardar ma mai sheƙi ce, ba ta shan tawada, ga gam ya sa ta ɗan tattare a gefe ɗaya. Ban ga laifinsa ba sosai, domin abin da kasuwa ta kawo ne, kuma iyaye na son abu mai haske da sauƙin kuɗi. Sai dai hannu irin wannan ya cancanci takardar da za ta kai ga jikokin yarinyar.

Gwandu ta san takarda mai ƙarko. Nan ne mazaunin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mai tafsirin Diya'ut Ta'wil, wanda ya tsara Tazyinul Waraƙat a 1813, kuma nan kabarinsa yake. Littattafan zamaninsa falle-falle ne ba ɗinki, a haɗa cikin tadarishi a sa a gafaka. Takardar kuwa mafi yawa daga Italiya take, ta biyo ta Tarabulus ta ratso Sahara kan raƙuma. Idan aka ɗaga irinta ga haske sai a ga jinjirin wata uku a jere cikin jikinta.

Wanda ke son bin diddigin wannan, littafin da zan nuna masa shi ne The Arts and Crafts of Literacy, wanda Andrea Brigaglia da Mauro Nobili suka tattara, kamfanin De Gruyter na Jamus ya buga a 2017. Babi biyu ne suka fi kama ni. Michaelle Biddle ta bayyana yadda ake gane shekarun tsohon littafi daga tambarin da ke jikin takardarsa, aikin da ta gina kan littattafan arewacin Najeriya da ta duba da hannunta. Brigaglia kuma ya zauna kan allo, ya ɗauke shi da girman da almajiri ke ba shi, ya bi shi daga rubutu da wankewa har zuwa ranar sauka. Hotunan kaɗai sun isa a buɗe shi, kuma ana samunsa kyauta a intanet.

Rauninsa a wurina biyu ne. Ya ɗauko faɗin Afirka kudu da Sahara, don haka rabon ƙasar Hausa wani yanki ne kawai. Sannan da Turancin manazarta aka rubuta shi, mai nauyi, wanda alaramman da ya zana waccan igiya ba zai karanta ba, alhali sana'arsa ake magana. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi tana nan kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Zan so wani ɗalibinta ya mayar da babin allo zuwa Hausa, ya kai wa masu zayyana na Gwandu, ya rubuto abin da za su ƙara da abin da za su gyara.