Makaɗan Beatles: Yadda Suka Ɗaukaka, Da Abin Da Ɗaukakar Ta Ci Musu

Akwai wata gardama da masu sauraron kiɗan Turawa suka daɗe suna yi game da samarin nan huɗu na ƙasar Ingila waɗanda ake kira Beatles. Waɗansu sun ce gwaninta ce ta kai su inda suka kai. Waɗansu kuwa sun ce ina, sa'a ce kurum, da wayon manaja, da ihun 'yan mata. To, tun da yake faya-fayensu suna nan, labarinsu kuma a rubuce yake shekara bi shekara, ba sai mun tsaya ga ji-ta-ji-ta ba. Bari mu bi sawunsu tun daga tushe, mu ga wace magana ta fi kusa da gaskiya.

Garinsu Libaful, babbar tashar jiragen ruwa ce da ke fuskantar Amurka. A ƙarshen ƙarni na 18 babu garin Ingila da ya kai shi yawan jiragen da ke kwasar bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma. Jikokin bayin nan ne a Amurka suka ƙago kiɗan da ya haifi wanda ake kira rok, irin su Chuck Berry da Little Richard, kana wani Bature mai suna Elvis Presley ya ɗauka ya baza shi cikin fararen fata. Watau kiɗan da ya ruɗa samarin Libaful wajen 1956, kiɗan jikokin mutanen da jiragen Libaful suka yi fatauci da su ne. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa.

John Lennon, wanda aka haifa a 1940, shi ya tara abokansa na makaranta suka kafa 'yar ƙungiya mai suna Quarrymen. Kayan kiɗansu na talakawa ne, jita mai araha, da allon wanki, da akwatin shayi da aka ɗaura wa tsirkiya. Ran 6 ga Yuli 1957 suna wasa a wani biki na coci, aka kawo masa wani yaro ɗan shekara 15, Paul McCartney. Yaron ya iya daidaita tsirkiyar jita, ya kuma hardace waƙoƙin da shi Lennon yake ta cike giɓinsu da ƙage. Lennon ya faɗa daga baya cewa sai da ya yi shawara da zuciyarsa, ko ya ci gaba da zama zakara cikin raunana, ko ya jawo wanda zai iya yin kafaɗa da shi. Ya jawo shi. A 1958 McCartney ya kawo George Harrison, wanda ya fi su ƙuruciya. Cikinsu babu wanda ya iya karanta rubutun kiɗa irin na Turawa. Da kunne suka koya, suna maimaita faifai a garmaho har ya dushe.

Da a nan suka tsaya, da babu wanda zai tuna da su, gama har farkon 1960 ba a lissafa su cikin gwanayen Libaful. Abin da ya sāke su shi ne Hambug ta ƙasar Jamus. Cikin Agusta 1960 suka tafi su biyar, da Stuart Sutcliffe, mai zane ne wanda bai ƙware da jita ba, da Pete Best mai ganga, wanda suka ɗauka ana saura 'yan kwanaki su tashi. Unguwar da aka kai su ta mashaya ce da karuwai da ma'aikatan jirgi. Masaukinsu wani ɗan ɗakin ajiya ne bayan majigin wani gidan silima, dab da bayan gida. Kowane dare sai su yi awa huɗu, ran Asabar da Lahadi har shida, suna kiɗa ga mutanen da giya ta cika wa ciki, waɗanda galibinsu ba su jin Ingilishi. Har ƙwayoyin hana barci suka riƙa sha don su kai asuba, abin da ba wanda zai yaba. Cikin Nuwamba aka kori Harrison daga ƙasar saboda shekararsa 17, doka ba ta yarda ya yi aikin dare a mashaya ba. Duk da haka suka yi ta komawa, har sau biyar zuwa ƙarshen 1962.

Dubi abin da wannan wahala ta koya musu. Wanda bai jin harshenka ba ka riƙe shi da daɗin magana, sai da nauyin kiɗa da tashin murya. Wanda zai cika awa shida kuwa, waƙa goma ba ta isarsa, tilas ya hardace ɗaruruwa, masu zafi da masu sanyi, ya san cikin kowace. Kuma mutanen da suka kwana ɗari suna kiɗa tare, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai ja numfashi. Shaidar wannan tana cikin babban faifansu na farko, Please Please Me. Ran 11 ga Fabrairu 1963 suka shiga ɗakin ɗaukar murya da safe, kafin su fito da dare sun gama waƙa 10. Lennon yana fama da mura, saboda haka aka bar Twist and Shout sai ƙarshe, don an san za ta tsage masa maƙogwaro. Saurari wannan waƙa, za ka ji muryar mutumin da ya saba yi wa mashaya tsawa. Mai cewa sa'a ce kurum, sai ya gaya mana a wace kasuwa ake sayar da irin wannan sa'a.

Amma fa masu maganar manaja ba su rasa hujja ba. Brian Epstein mai kantin faya-fayi ne a Libaful. Ran 9 ga Nuwamba 1961 ya gangara wani gidan rawa na ƙarƙashin ƙasa mai suna Cavern, inda suka yi wasa kusan sau 300, ya tarar da su cikin rigunan fata, suna cin abinci suna shan taba suna ba'a a kan dandamali. Da ya zama manajansu ya sa musu kwat iri ɗaya, ya hana su ashar, ya koya musu rusunawa in sun gama waƙa. Ba shi ya koya musu kiɗa ba, amma shi ya sa iyaye suka yarda 'ya'yansu su kalle su. Ran 1 ga Janairu 1962 ya kai su kamfanin Decca a Landan aka gwada su, aka ƙi su. An yi shekaru ana yi wa Decca dariya, ni kuwa ina ganin dariyar ta yi yawa. Abin da aka ɗauka ran nan yana nan ana iya ji: waƙa 15, guda 3 kaɗai nasu, muryoyi na rawa don tsoro, gangar kuma ba ta da kuzari. Ba kowane mai kunne zai hango abin da ke tafe daga wannan ba.

Wanda ya hango shi ne George Martin na Parlophone, reshen kamfanin EMI, wanda ya fara ɗaukar muryarsu cikin Yuni 1962. Bai gamsu da gangar Best ba. Cikin Agusta aka sallami Best, aka ɗauko Ringo Starr daga wata ƙungiya. Ta wajen kiɗa sun yi daidai, gama hannun Starr ya fi nauyi, bai kuwa gaggawa bai jinkiri. Ta wajen mutunci sun yi abin kunya. Mutumin da suka kwana ɗaki ɗaya da shi shekara biyu, ba ɗayansu da ya iya duban idonsa ya gaya masa, sai suka tura Epstein. Best ya koma aikin gwamnati, sai a 1995, da aka fitar da tsofaffin waƙoƙin da ya buga wa ganga, kana ya sami rabo mai kauri.

Ga abin da na ɗauka shi ne mararrabar labarin duka. A zamanin nan al'ada ita ce, mai tsara waƙa dabam, mai rerawa dabam. Martin ya kawo musu wata waƙa ta wani gwanin tsari, How Do You Do It, ya ce ita za ta fid da su. Suka rera ta ba da son ransu ba, suka nace sai dai a fitar da tasu. Martin bai yi kuskure game da waƙar ba, don da aka ba waɗansu 'yan Libaful, Gerry and the Pacemakers, sai da ta zo ta ɗaya a ƙasar. Tasu kuwa, Love Me Do, wadda ta fito ran 5 ga Oktoba 1962, a ta 17 ta tsaya cikin jerin faya-fayen da aka fi saye, kuma gaskiya ba ta cancanci fiye da haka ba, kalmominta ba su taka kara sun karya ba, ana ta juya abu guda. Amma da sun karɓi ta aro, da kullum sai sun jira a ɗinka musu riga.

Kalmomin waƙoƙinsu na 1963 duk kusan haka suke, soyayyar yara, wadda in an rubuta ta a takarda ba ta cika tafin hannu. Gwanintar tana cikin karin waƙa da haɗin murya. Muryar Lennon kaushi gare ta, ta McCartney santsi, kuma ba jagora da 'yan amshi suke yi ba, su biyun suke tafiya tare, ɗaya bisa ɗaya ƙasa, wani lokaci har ka kasa cewa ga mai jan waƙar. Ba su kuma ɓata lokaci, yawancin waƙoƙin ba su kai minti uku ba. She Loves You, ta Agusta 1963, ita ce gwanar wannan zamani nasu. Da amshi ta fara kai tsaye, babu share fage, kuma mai waƙar ba shi ne mai soyayyar ba, ɗan aike ne da ya zo sasanta abokinsa da budurwarsa. Wannan 'yar dabara ta sa waƙar ta zama zance tsakanin mutum uku maimakon kukan mutum ɗaya.

Yanzu mu koma kan bashin nan. Cikin waƙa 14 na babban faifansu na farko, 6 na aro ne, 5 daga cikinsu kuwa baƙaƙen Amurka suka fara rera su, irin su Arthur Alexander da 'yan matan Shirelles. Beatles ba su ɓoye wannan ba, ko'ina aka tambaye su sai su ambaci malamansu da suna. Cikin Satumba 1964 kuma suka ce ba za su yi wasa a Jacksonville ba in an ware baƙi da farare, aka kuwa bar mutane suka gauraya. Wannan abin yabo ne. Amma bai share gaskiyar cewa ƙofofin da aka buɗe musu cikin wata guda, masu abin sun yi shekaru suna ƙwanƙwasawa ba. Wani abin mamaki ma, da kamfanin Capitol, wanda yake na EMI ne, ya ƙi fitar da faya-fayensu a Amurka a 1963, wani kamfanin baƙaƙe na Shikago mai suna Vee-Jay shi ya fara ɗaukarsu.

Sauran labarin gudu ne. Capitol ya sauko, ya fitar da I Want to Hold Your Hand ran 26 ga Disamba 1963, ta zo ta ɗaya. Ran 7 ga Fabrairu 1964 suka sauka Nu Yok, bayan kwana biyu mutum wajen miliyan 73 suka kalle su a talabijin cikin shirin Ed Sullivan. Ran 4 ga Afrilu, waƙoƙi biyar na farko cikin jerin Amurka duk nasu ne. A 1965 Sarauniyar Ingila ta ba su lambar girma.

To, me ɗaukakar ta ci musu? Da fari ta ci waƙoƙin. A 1963 aka kafa kamfanin Northern Songs don riƙe haƙƙin abin da Lennon da McCartney suka tsara, su kuwa yara ne, ba su san ciki da bai na takardar da suka sa wa hannu ba. A 1969 kamfanin ya kuɓuce musu, a 1985 Michael Jackson ya saye haƙƙin. Amma babbar hasarar a ganina ita ce ta kiɗan kansa. Ran 15 ga Agusta 1965 suka yi wasa a filin Shea na Nu Yok gaban mutum 55,600, ihu ya hana kowa jin kome, har su kansu. Starr sai ya dubi motsin jikin sauran ya san inda aka kai. Mutanen da awa shida ba ta gajiyar da su a Hambug suka koma yin rabin awa, waƙoƙi iri ɗaya kowane gari, hannunsu yana lalacewa su kuma suna sane. Mashayan Jamus sun ji Beatles a lokacin da suka fi iya wasa a gaban jama'a, duniya kuwa ta biya kuɗi ta kalli bakinsu yana motsi.

Ganin haka suka mai da ƙarfinsu ɗakin ɗaukar murya, inda babu mai ihu. Can Martin ya haɗa wa McCartney masu goge huɗu a Yesterday, Harrison ya shigo da sitar, molon Indiya, kalmomin kuma suka fara nauyi, ana zancen kaɗaici da tsufa da haraji. Rubber Soul na 1965 da Revolver na 1966 sun fi duk abin da ya kai su Amurka nesa ba kusa ba. Epstein ya rasu a 1967, ƙungiyar ta watse a 1970, amma rabuwarsu da dandamali ta riga wannan. Wasansu na ƙarshe na masu biyan kuɗi shi ne na ran 29 ga Agusta 1966 a San Faransisko, makonni kaɗan bayan fitowar Revolver. Waƙa 11 suka yi daren nan, babu ko ɗaya daga cikin sabon faifan, gama jita uku da ganga ba su iya fitar da abin da ke cikinsa.