Daga Katako Zuwa Andalus, a Bakin Mai Gwanjo

A kasuwar Katako ta Jos, inda ake kwance dilolin gwanjo, akwai wani saurayi mai sayar da rigunan sanyi wanda kallon Laliga ya ja shi koyon Sifaniyanci ta waya. Yana tara kuɗin zuwa hutu Andalus, kuma ba abin da ya fi burge ni kamar jin sa yana tsara tafiyar da harshen mutanen can, jimla na bin jimla, ba gargada.

Ƙa'idar da yake bi wajen faɗar abin da zai faru nan gaba tana da tsafta. Ba a rage wa aikatau komai. Ana ɗauko shi yadda yake a ƙamus, misali viajar, wato yin tafiya, sai a ɗosana masa ƙarshe: viajaré, zan yi tafiya, viajarás, za ka yi, viajará, zai yi ko za ta yi, viajaremos, za mu yi, viajaréis, za ku yi, viajarán, za su yi. Waɗannan shida ɗin su ne dai ga kowane aikatau, ko da ar ya ƙare, ko er, ko ir. Ƙarshen ne ke faɗar mai aikin, don haka ba sai an ambaci yo, wato ni, ba. A kan ƙarshen kuma ake danna murya. Wanda ya sassauta ya ce viajara ya riga ya faɗi wani abu daban.

Akwai aikatau masu taurin kai kamar goma sha biyu da jikinsu ke sauyawa, kuma su matafiyi ya fi bukata: salir, fita, ya koma saldré, tener, mallaka, ya koma tendré, poder, iyawa, ya koma podré. Ya haddace su tsaf.

Ga yadda yake jero tafiyar. Saldré de Abuja en diciembre, zan tashi daga Abuja a Disamba. Tomaré el tren a Córdoba, zan hau jirgin ƙasa zuwa Kurɗuba, wato mai gudun nan da ya fara aiki a 1992, wanda ke kai mutum daga Madrid cikin ƙasa da awa biyu. Veré la mezquita, zan ga masallacin da Abdurrahman Addakhil ya fara ginawa wajen 785. Daga nan sai Garnaɗa da fadar Alhambra ta daular Musulmi ta ƙarshe a can, wadda ta faɗi a 1492. Hará frío, in ji shi, za a yi sanyi, ya kuwa nuna rigar da ya ware wa kansa daga dila.

Inda na tabbatar ya ƙware shi ne wurin cuando. Sabon ɗalibi zai ce cuando llegaré don nufin idan na isa, kuma kuskure ne. Isar ba ta auku ba tukuna, sai harshen ya ba ta wata siga ta daban: cuando llegue a Granada, visitaré la Alhambra. Ya kuma san cewa abin da ya matso ana faɗarsa da voy a, kamar voy a pedir el visado, zan nemi biza, don wannan aikin kwanan nan ne. Kowane shiri kuwa yakan rufe shi da si Dios quiere, in Allah ya so, kuma haka tsofaffin Sifen ma ke cewa.