Mita kafin kunne: yadda ake gwada tsofaffin amfilifaya

A shekarar 1959 kamfanin Dynaco na David Hafler da ke Amurka ya fito da amfilifayar Stereo 70. Wat 35 take bai wa kowace sifika, kwalaben bawul EL34 guda huɗu ke ɗauke da aikin, kuma mutane da yawa a warwatse suka saye ta, suka zauna da dalma suka harhaɗa abinsu a gida. Har yau ana rububinta a kasuwar tsofaffin kaya, ita da McIntosh MC275 ta 1961 mai wat 75, da Quad 303 ta Ingila wadda ta fito a 1967 da transisto. Masoya sauti kan jera su a falo ana musu: wannan ta fi taushi, waccan ta fi fito da ganga.

Sai dai na'urar da ta haura shekara hamsin ba ta nan yadda ta bar masana'anta. Ruwan cikin kapasitocinta ya bushe, shi ya sa gunji ke shiga sifika, ƙasan sauti ya yi laƙwas. Wanda ya yanke hukunci a wannan hali, tsufan kaya ya saurara.

Saboda haka gwanaye da mita suke farawa. A gaban Stereo 70 akwai inda ake soka tsinken mita, a riƙa murɗa wani ɗan sukuru har ta nuna bolt 1.56 a kowane ɓangare. Da gangan aka zaɓi wannan adadi, don shi ne ƙarfin sabon batirin tocila na wancan zamani. Mai mita mai araha sai ya fara gwada ta da batiri, sannan ya amince da ita. Idan wutar ta zarce, kwalabe su yi jajur su mutu da wuri. Idan ta gaza, sauti ya yi kaushi. Aikin kuwa ba na ɗan koyo ba ne, domin a cikinta akwai wutar da ta wuce bolt 400. Kuma wadda aka ƙera wa wutar Amurka mai bolt 120, muddin aka jona ta kai tsaye a Kano ko Maradi, taransifomarta ta tafi.

Bayan gyara sai gwaji, kuma a nan kunne ke yaudarar mai shi: wadda ta ɗara ƙara ko da ƙiris, ita zai ce ta fi daɗi. Dole a daidaita ƙarfinsu da mita, a kuma ɓoye wa mai sauraro wadda ke aiki. Mujallar Stereo Review ta yi irin wannan gwaji a 1987, masu sauraro suka kasa rarrabe mai araha da mai tsada. Tun a 1985 ma wani maƙerin amfilifaya, Bob Carver, ya saita amfilifayarsa ta transisto har editocin mujallar Stereophile suka kasa bambanta ta da wata Conrad-Johnson mai bawul, mai ɗan karen tsada.

Duk da haka akwai bambanci na gaske. Mai bawul ba ta riƙe sifika gam kamar mai transisto, don haka sautinta kan sauya daga wannan sifika zuwa waccan, kuma idan aka matsa mata, a hankali take shaƙewa. Wannan abu ne da ake aunawa, ake kuma ji. Stereo 70 da aka yi wa gyara mai kyau, aka haɗa ta da sifika mai saurin amsawa, ta ishi falon gida.