Kura da Shan Bugu: Nazarin Littafin The New Jim Crow

Littafin da za mu duba a wannan fitowa shi ne The New Jim Crow, wanda Michelle Alexander, wata lauya baƙar fata ta ƙasar Amurka, ta wallafa a shekarar 2010. Jim Crow laƙabi ne na dokokin wariyar launin fata da jihohin kudancin Amurka suka yi aiki da su har cikin shekarun 1960.

Jigo

Jigon littafin shi ne, wariyar nan ta sake riga ta dawo da sunan yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Daga cikin manyan hujjojin marubuciyar akwai dokar 1986 a kan hodar iblis. Ita wannan hoda kama biyu gare ta: akwai garin da ake shaƙa ta hanci, akwai kuma dunƙulen da ake kira kirak, wanda ake samu in an dafa garin da ruwa da soda, a farfasa a sayar da araha, masu sha su zuƙi hayaƙinsa. Asalinsu ɗaya ne. Amma sai doka ta yanke ɗaurin shekara 5, ba ragi, ga wanda aka kama yana fataucin giram 5 na kirak, alhali mai gari sai ya kai giram 500 kafin wannan hukunci ya hau kansa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda kotunan tarayya suka ɗaure saboda kirak baƙaƙen fata ne. Yaron da ke talla a bakin titi ya sha ɗauri fiye da dillalin da ya kawo garin, wato kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Zubi da Salo

Marubuciyar ta buɗe da labarin wani mutum wanda tun daga kakan kakansa babu wanda ya jefa ƙuri'a a gidansu. Bauta ta hana na farko, ta'addancin fararen fata da dokokin wariya suka hana na bayansa, shi kuma hukuncin kotu ya hana shi. Haƙiƙa wannan dabara ta yi armashi, domin ta ɗinke tarihin ƙarni biyu a gida ɗaya. Salonta na lauya ne a gaban alƙali, hujja na bin hujja ba ta barin mai karatu ya numfasa.

Rauni

To, amma lauya ba ya kiran shaidar da za ta kayar da shi. Kirak ya yi ɓarna ta gaske a unguwanni irin su Harlem, kuma iyaye da shugabannin baƙaƙen fata da dama, har da ɗan majalisa Charles Rangel, sun nemi a tsananta wa masu sayar da shi. Littafin bai ba muryarsu haƙƙinta ba, sai a 2017 James Forman ya cike wannan giɓi da littafinsa Locking Up Our Own. Bugu da ƙari, fiye da rabin fursunonin jihohin Amurka laifuffukan ƙarfi kamar kisa da fashi ne suka kai su kurkuku, saboda haka ko an saki masu laifin ƙwaya duka, gidajen yari ba za su zama wayam ba.

Kammalawa

Watanni kaɗan bayan fitowar littafin, a watan Agusta na 2010, Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta rage tazarar daga ninki 100 zuwa 18, aka ɗaga giram 5 ya koma 28. A 2018 aka ba waɗanda aka ɗaure da tsohuwar doka damar neman sassauci. Har yanzu dai ma'aunin bai daidaita ba, don haka ƙarar da marubuciyar ta shigar tana nan a gaban shari'a. Muna ba ɗalibai shawara su karanta shi, amma su haɗa da na Forman, don alƙali nagari ba ya yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya.